Kundin Aikin Rinin Nantong: Daga Farin Yadi Zuwa Mayafi

4 ga Maris

Aikin da aka sa a gaba mayafin bargo ne guda ɗaya, falle uku, faɗinsa santimita 135, tsawonsa 200, wanda za a rina yadda ake yi a Nantong, birnin da ke gaɓar arewa ta kogin Yangtze a lardin Jiangsu, gabashin ƙasar Sin. Sinawa na ce wa irin wannan yadi lan yin hua bu, wato shuɗin yadi mai bugun fure. Babu ɗauri a ciki, babu kaki. Kwali ake hudawa da zane, a ɗora a kan farin yadi, a shafe da kwaɓin garin waken suya da farar ƙasa. In kwaɓin ya bushe a tsoma yadin a baba, sannan a kankare, duk inda kwaɓi ya zauna ya fito fari. Wanda ya taɓa ganin adiren Abeokuta da ake shafa wa ƙullun rogo ta cikin hujajjen ƙarfe ya san rabin zancen. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: ba za a sa hodar kanti mai tayar da rini nan take ba, sai randa ta nuna da kanta.

Ƙasar wurin ce ta haifi sana'ar. Jiangsu shimfiɗaɗɗen fili ne mai yawan ruwa. Yangtze ya raba shi biyu, babban haƙaƙƙen kogin da ya haɗa Hangzhou da Beijing kuma ya ratsa shi daga kudu zuwa arewa. Kudancin kogi, wajen Suzhou da tafkin Tai, ƙasar siliki ce. Nantong kuwa laka ce da yashi da kogi ya tara a bakin teku, ƙasa mai gishiri wadda auduga ke jurewa tun kafin ta yi daɗin da sauran amfanin gona ke so. Da can gishiri ake dafawa a gaɓar, daga zamanin daular Ming auduga ta bazu, kaɗi da saƙa suka zama aikin gida. Zhang Jian, ɗan yankin da ya zo na ɗaya a jarrabawar fada ta 1894, shi ya kafa kamfanin kaɗin auduga na Dasheng, wanda ya fara aiki a 1899, ya kuma buɗe gidan tarihin Nantong a 1905. Rinin garin ya shiga jerin farko na sana'o'in gado da gwamnatin Sin ta yi wa rajista a 2006.

9 ga Maris

An sayo yadin saƙar hannu mita 14, faɗinsa santimita 48. Aikin farko cire sitacin da masaƙa ke sa wa zare. Sitaci na hana baba shiga, abin da ya fi muni kuma, kwaɓi kan kama sitacin ne maimakon zaren, ranar da sitacin ya narke a randa sai ya tafi da kwaɓin. An dafa yadin awa ɗaya a ruwa lita 40 da sodar wanki giram 200, aka bar shi a jiƙe kwana biyu ana canza ruwa safe da yamma. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗiga ruwa a busasshen yadi, in ya shige nan take an gama, in ya tsaya kamar ƙwayar tsakiya a sake dafawa. Faɗi ya koma 45, tsawo mita 13.3. Shi ya sa ba a zana komai sai bayan wanki.

Yau kuma aka yafa irin liaolan a kwando biyu. Shi ne ganyen rinin da manoman Nantong suka saba nomawa. Ba dangin baban ƙasar Hausa ba ne, gajere ne mai jan kara da ke son damshi, amma shunin da ke cikinsu ɗaya ne.

15 ga Maris

Kwali. An haɗa takardar ɓawon itace falle uku da ruwan ƙullun alkama, ana shafawa daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita, aka manna a katako ya bushe a inuwa. Kaurin kwali shi ne kaurin kwaɓin da zai zauna a yadi, don haka ba abin wasa ba ne. In ya yi siriri baba ya ratsa kwaɓin, farin ya fito da dishi-dishi. In ya yi kauri wuƙa ba ta juyawa a lanƙwasa. Biyu daga cikin biyar sun yi kumburin iska a ciki, an ajiye su don koyon yanka.

Zane iri biyu ne. Na fallayen gefe kifaye ne da furanni, a kwali mai 45 da 50 wanda za a maimaita sau huɗu. Na tsakiya jemagu biyar ne kewaye da harafin tsawon rai. Jemage ba abin ƙi ba ne a nan, domin sunansa, fu, yana amo ɗaya da kalmar sa'a, kamar yadda sunan kifi, yu, ke amo ɗaya da yalwa. Irin wannan mayafi na cikin kayan ɗakin amarya a ƙauyukan yankin, don haka zanen fatan alheri ne tun daga sama har ƙasa.

27 ga Maris

Kwana goma sha biyu ana yanka, kuma a nan ne aka gane dalilin da ya sa yadin Nantong duk ɗige-ɗige ne da gajerun layuka. Ba son rai ba ne, kwali ne ya yi dole. Duk abin da aka yanke kewaye da shi faɗuwa yake yi, saboda haka ba a iya jan dogon layi, sai an katse shi an bar gada da za ta riƙe ɓangarorin biyu. Bayan kifi ba layi ɗaya ba ne, gutsattsari ne shida ko bakwai, idon mai kallo ne ke haɗa su. Gwanintar mai yanka ita ce ya san inda zai katse ba tare da kifin ya karye ba.

Ƙa'idojin da aka tsaya a kai bayan an lalata kwali biyu: kada tsaga ta wuce santimita ɗaya da rabi, kada gada ta gaza milimita 2, kada huji ya gaza milimita 2 domin ɗan mitsitsin kwaɓi ba ya zama a yadi, kada buɗaɗɗen wuri ya fi faɗin babban yatsa domin kwaɓi mai faɗi tsagewa yake yi. Ana yanka a kan matashin kaki da kitse da toka, wanda ke karɓar bakin wuƙa bai dakushe ta ba. Wuƙa a tsaye cak ake riƙe ta. In ta karkata bangon hujin ya yi gangara, kwaɓi ya shige ƙarƙashi, in an zo ɗaga kwali ya yago gefen zanen. Ɗige-ɗigen kuwa da mahujin ƙarfe ake bugawa, girma uku.

An zaɓi shuɗin fili da farin zane ne domin kwali ɗaya ya isa. Farin fili da shuɗin zane sai da kwali biyu, na biyun ya rufe gurbin gadojin da na farko ya bari, kuma kuskuren milimita ɗaya wajen jera su a fili yake fitowa.

Abin da bai kwanta a rai ba shi ne harafin tsakiya. Gadoji huɗu kaɗai ke riƙe da cikinsa.

2 ga Afrilu

An murje kwalayen da santsin dutsen kogi don kwantar da gashin takarda a bakin huji, sannan aka shafa dafaffen man tung gaba da baya. Man 'ya'yan wata bishiya ne, yana daskarewa in ya sha iska, shi ke sa kwali ya jure ruwa da gogar mashafi. Shafi uku za a yi, kwana uku tsakanin kowane. Kwalin da bai bushe ba yana bar wa yadi maiƙo, baba kuwa ba ya kama maiƙo. Tsumman da aka goge mai da su a cikin bokitin ruwa ake jefa su, domin in aka tara su a dunƙule suna iya kama wuta da kansu.

6 ga Afrilu, Suzhou

Tunda ba abin yi sai jiran mai, aka haye kogi. Gadar jirgin ƙasa da ta haɗa Nantong da kudu a 2020 aka buɗe ta. Suzhou tsohon gari ne, an kafa shi a shekara ta 514 kafin haihuwar Annabi Isa a matsayin fadar masarautar Wu, kuma har yau titi da magudanar kwalekwale kafaɗa da kafaɗa suke tafiya a unguwar Pingjiang. Lambunansa sun shiga jerin UNESCO a 1997. Mafi girma, Zhuozheng, wanda wani jami'i mai suna Wang Xianchen ya soma a wajen 1509 bayan ya bar aiki, cike yake maƙil da baƙi a wannan lokaci na Qingming, bikin ziyarar kaburburan kakanni. Hasumiyar tudun Huqiu da aka gama a 961 tana nan a karkace.

Amma lambun Canglang aka je nema, wanda Su Shunqin ya gina a 1044. Bangon barandarsa na da tagogin ado da ake lissafa su 108, kowace da zanenta, an yi su da gutsuren tayil da farar ƙasa. Matsalar mai yin tagar ita ce matsalar mai yankan kwali: dole kowane yanki ya jingina da wani, in ba haka ba ya faɗo. Abin lura shi ne ba sa barin babban yanki ya rataya a madogara biyu masu fuskantar juna. Uku ne ko biyar, a warwatse, ta yadda in an tura daga kowace fuska akwai mai tarewa. Harafin kwalinmu na da huɗu, amma biyu-biyu suke a layi ɗaya, kuma mashafi daga gefe zai zo musu. An yanke shawarar a gwada shi a haka tukuna.

An leƙa Zhenhu, garin masu surfani da siliki. Suna tsaga zare ɗaya gida goma sha shida ko fiye kafin su zura a allura, kuma akwai ɗinkin da gaba da baya duk fuska ce, ba a ganin ƙulli. Aiki ne na wata da watanni, don masu hali.

12 ga Afrilu

Kwaɓi. Gwargwadon da ake ambata a Nantong shi ne garin wake 1, farar ƙasa 0.7. Farar ƙasar ita ce ƙonannen dutse da aka jiƙa har ya huce, irin ta shafen ɗaki, a tankaɗe. Waken ɗanye ake niƙawa, sabon niƙa, a tankaɗe sau biyu da lallausar rariya. Soyayyen wake ba ya aiki sam. Sinadarin furotin da ke cikin wake, wanda ke dunƙulewa ya zama awara, shi ne ke haɗuwa da farar ƙasa ya zama abin da ruwa ba ya narkarwa, wuta kuwa na kashe shi.

An yi kwaɓi uku don gwaji, kowane da gari giram 500: na farko da farar ƙasa giram 350, na biyu 600, na uku 200. Ruwa kusan lita ɗaya da kwata, ana zubawa kaɗan-kaɗan, ana juyawa ta fuska ɗaya. Kaurin da ake so kamar ƙullun ƙosai da ya sha bugu, in an ɗaga muciya ya zubo kamar igiya bai tsinke ba. Ba ya kwana. Bayan awa uku ya soma tauri, in aka ƙara masa ruwa a lokacin ya rasa danƙo.

Ana yayyafa wa yadi ruwa a naɗe shi na ɗan lokaci, ya yi sanyi amma ba jiƙa ba, don kwaɓi ya kama. Mashafi a kwance-kwance, ja biyu, na farko ya cika huji, na biyu ya share. Ja na uku tura kwaɓi ƙarƙashin kwali yake yi. Ana ɗaga kwali daga kusurwa ɗaya a tsaye, a jefa shi a ruwa nan take a wanke da burushi. Ƙyallayen gwaji tara suna rataye a inuwa, sai bayan kwana bakwai.

14 ga Afrilu

An kafa randa mai lita 150. Tsohon ma'aunin garin shi ne shuni 5, farar ƙasa 8, giyar shinkafa 10, a dama a ƙaramar randa har ruwan ya juya rawaya, kumfa ta taso, sannan a juye a babba. An bi shi da shuni kilo 2.5, farar ƙasa kilo 4, giya kilo 5. Giyar abincin ƙwayoyin da ke tayar da rinin ce, kamar yadda ganyen baba da kansa ke ciyar da karofin Kano. Ga wanda ba ya son taɓa ta, an kafa ƙaramar randa ta biyu da dafaffiyar dusar alkama, a ga ko za ta kai.

23 ga Afrilu

Randa ba ta tashi ba. Ruwan baƙi-shuɗi ne, ba kumfa, ƙyallen da aka tsoma ya fito da launin da ruwa ke wankewa. Dalili biyu ne. Takardar gwajin kaifi ta nuna pH ya haura 12. Shunin da aka saya ɗanyen taɓo ne wanda tun wajen haɗa shi aka cika masa farar ƙasa, aka zo aka ƙara kilo 4 a kai, kaifi ya yi yawa har ƙwayoyin suka kasa motsi. Ma'aunin 5, 8, 10 ba ƙarya ba ne, amma ya dogara da irin shunin da ke hannu. Na biyu sanyi: ruwan randa digiri 14 da safe, alhali 25 zuwa 30 ake so.

An bar ta ta kwanta, aka kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan sama, aka cika da ruwan ɗumi da giya lita ɗaya. Marinan da kan ɗumama randa da ƙaiƙayin shinkafa mai ci ba harshe. An kwaikwaya, amma aka tara wutar a gefe ɗaya, randar ta tsage daga gindi zuwa ciki. An ceci ruwan a robobi.

Sabuwar randa ta Dingshu ce, a Yixing, yammacin tafkin Tai. Duniya ta san garin da ƙananan butocin shayi na jar ƙasa waɗanda ba a juya su a faifai, bugun yumɓu ake yi falle-falle a haɗa, ba a kuma shafa musu ƙyalli. Amma manyan randuna ma sana'arsu ce ta kaka da kakanni, kuma doguwar murhun gangare ta Qianshu, ta zamanin Ming, har yanzu ana hura ta. An binne sabuwar zuwa rabi a cikin ƙaiƙayi, wuta a kewaye daidai, taku ɗaya daga jikinta.

3 ga Mayu

Ta tashi. Ruwa rawaya-kore, sama da wani yanayi kamar jan ƙarfe, kumfa shuɗiya mai jan ido a tsakiya, wadda suke kira furen shuni. Akwai gwajin asuba na tsofaffin marinan nan: a ɗebo ruwa a kwano, a shafa yatsa a gashin kai ya ɗauki maiƙo, a taɓa gefen ruwan. In fatar saman ta watse da sauri randa na da ƙarfi, in ta yi nawa a gyara da farar ƙasa ko giya. Ya dace da abin da takardar gwajin kaifi ta nuna, pH 10.8. Randar dusa ma ta tashi, ta makara da kwana huɗu, warinta ya fi, launinta bai gaza ba.

Ana jiƙa ƙyalle a ruwa tukuna har kwaɓin ya yi laushi, in ba haka ba ya kakkarye wajen lanƙwasa. Minti 20 a ciki, minti 30 a iska, sau shida. Sakamako: mai farar ƙasa 600 ya yi gautsi, gefen zane ya zube tun a tsomi na uku, farin ya yi gemu. Mai 200 ya riƙe gam, har ya wuce kima, sai da aka yi ta fama wajen kankara, ya kuma bar rawaya-rawaya a farin. Mai 350 shi ne. Ƙyalle ɗaya da aka shanya a rana da gangan ya tsattsage kamar ƙasan fadama a bazara. Siririyar tsaga abin so ce, suna kiranta tsagar ƙanƙara, ita ce ma shaidar aikin hannu, amma wannan ta ci zanen.

10 ga Mayu

An shafa fallayen gefe biyu, kowane sau huɗu, ƙasa da awa ɗaya kowane falle. Wajen maimaitawa ana barin huji biyu na ƙarshe su hau kan ɗigo biyu na shafin baya, shi ne ma'aunin jeri. A haɗi na uku na fallen hagu an kauce da kusan milimita 3, wutsiyar kifi ɗaya za ta fito a gutsure. An bar shi.

Kwalin tsakiya ya yage a ja na farko. Gadojin nan biyu da ke layi ɗaya suka tsinke tare, cikin harafin ya naɗe, kwaɓi ya malala. An wanke yadin nan take kafin ya kama. Sai an yanka sabo, da gadoji bakwai a warwatse, a shafa mai, a jira: wata guda ke nan.

14 ga Mayu, Nanjing

Babban birnin lardin. Ganuwarsa, da Zhu Yuanzhang ya soma a 1366, shekara biyu kafin ya kafa daular Ming, ta kai kilomita 35, kusan 25 na nan tsaye. A ƙofar Zhonghua ana iya karanta bulo da ido. An buga wa galibin bulon sunan gundumar da ta kawo shi, da jami'in da ya sa ido, da mai murhu, da wanda ya buga bulon, don in ya ruɓe a san ƙeyar da za a kama. Daga yau kowane ƙyallen gwaji zai ɗauki ranar kwaɓi da gwargwado da lambar randa a gefensa, domin tuni biyu suka rikice.

Yunjin, saƙar sarakuna, ita ce ɗaya ƙarshen zancen tufa a lardin. Masaƙar katako ce mai tsawon mita 5.6 da tsayin mita 4, mutum biyu ke aikinta. Na sama na jan igiyoyin da aka ƙulle zanen a cikinsu, na ƙasa na wurga ƙoshiya yana cusa siliki da zaren zinariya, wani lokaci har da gashin ɗawisu. Santimita 5 zuwa 6 suke yi a wuni. Fallen mita biyu da aka shafe cikin awa ɗaya a Nantong, a nan ya fi wata guda. Kwalin huji dabarar talaka ce ta samun fure a gadonsa.

An yi sallah a masallacin Jingjue, wanda aka sake ginawa a 1430 bisa roƙon Zheng He, Musulmin da ya jagoranci jiragen ruwan Ming sau bakwai daga 1405 zuwa 1433, har ayarinsa ya kai Malindi da Mogadishu. A bakin kogi a nan Nanjing aka ƙera jiragen.

21 ga Mayu

An rina fallayen gefe, an rataye su a ƙugiyoyin firam ɗin gora don kada kwaɓi ya gogi kwaɓi ko ya taɓa lakar gindi. Tsomi takwas cikin kwana biyu. A iska ana buɗe kowace lanƙwasa, domin inda iska ba ta kai ba kore yake zama, in ya koma randa launin ya sake narkewa, wurin ya fito da haske. Bayan tsomi na biyar randa ta gaji, kumfa ta yi fari-fari. An ba ta giya rabin lita da farar ƙasa cokali uku, aka motsa, ta kwana.

28 ga Mayu

Kankara. Ana ɗaure yadi a miƙe tsam, a kwantar da wuƙa mai zagayen baki rabi-rabi, a tura. In yadi ya saki wuƙa ta ci zare. An huda wuri ɗaya a gefe, inda ɗinki zai rufe. An ɗauraye da ruwa mai ɗan ruwan tsami don kashe kaifin farar ƙasa, aka wanke sau uku, aka cilla a doguwar shanyar gora. Marinan Jiangnan, wato yankin kudancin kogin Yangtze, kan gama da murza yadi a ƙarƙashin ƙaton dutse da mutum ke hawa yana rausaya shi da ƙafa, aikin da masu bugu ke yi da sanda a Kano. Nan guga aka yi.

Farin ya fito tas, shuɗin ya yi duhu. Sai dai an yi kuskuren lissafi. Da an bar fallayen da kwaɓinsu har na tsakiya ya iso, da an rina su tare. Yanzu an kankare, ba su komawa randa, dole na tsakiya ya biyo launinsu.

24 ga Yuni

An shafa fallen tsakiya ranar 13 da sabon kwali, gadoji bakwai sun riƙe, zane ya fito sarai. Kwana uku bayan nan ruwan meiyu ya sauka, damina mai yayyafi da gumi da ke rufe yankin daga tsakiyar Yuni zuwa wajen tsakiyar Yuli. Kwaɓin bai bushe ba. A kwana na shida ya yi furfura, baƙi da kore, da warin ruɓaɓɓen wake. Fanka ba ta yi komai ba tunda iskar kanta a jiƙe take. Kwaɓin da ya yi furfura ya riga ya ruɓe daga ciki, ba zai tare baba ba, kuma tabon ya shiga zare daidai inda ake son fari. An kankare, an dafa, tabo na nan.

Lissafin yadi: daga mita 13.3, fallaye uku sun ci 6.3, gwaji ya ci 3, saura 4. Sabon falle zai ci 2.1. Dama ɗaya ta rage.

9 ga Yuli

An yanki liaolan da sassafe kafin ya yi fure, ganye da kara kilo 30. An danne shi a ruwa da duwatsu. A wannan zafi kwana biyu ya isa, ruwan ya yi kore mai sheƙi, in ya wuce haka ruɓa yake yi shunin ya ragu. An tsame ganye, aka zuba ruwan farar ƙasa kaɗan-kaɗan ana bugu da gora minti arba'in, har kumfa ta tashi shuɗiya ta kwanta. Bayan kwana ɗaya an tsiyaye ruwan sama, taɓon da ya rage kilo biyu da rabi. An rubuta yawan farar ƙasar da ta shiga, giram 400, don kada na Afrilu ya maimaitu.

Randar tana raye amma ta tsufa, zafi na sa kaifinta ya faɗi da sauri, kullum sai an ba ta farar ƙasa cokali ɗaya ko biyu, in ba haka ba ta yi wari ta zama dagwalo. Za a ƙara mata kilo ɗaya na sabon shuni mako guda kafin rini. Ba za a kwaɓa komai ba sai an ga kwana uku a jere ba ruwa. An yanko ɗan ƙyalle daga bakin fallen hagu don auna launi, kuma a bushe za a gwada, domin jiƙaƙƙen yadi ya fi duhu da kusan tsomi biyu. Tare da fallen tsakiya za a rataya ƙananan ƙyallaye huɗu, a cire ɗaya a busar bayan tsomi na shida, na bakwai, na takwas da na tara, wanda ya dace a tsaya a nan. Kwalin tsakiya na kwance tsakanin katako biyu da dutse a kai, gefensa ɗaya ya soma lanƙwashewa saboda damshi, yana son ƙarin shafin mai kafin ranar.